MASU SHARA DA MASU FASA ALKAWARI

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka sake ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni. A wannan mako ina so in yi magana a kan waɗansu bayin Allah da ba safai a kan ji muryarsu a jarida ba, watau masu sana'ar shara da goge-goge a nan Birnin Kebbi da Argungu, da kuma wata cuta da ta ke cin su a ɓoye. Cutar kuwa ita ce fasa alkawari a ƙurarren lokaci: mutum ya yi jinga da su a kan su zo su share masa gida ko ɗakin taro rana kaza, sa'an nan ana gobe aiki, ko ma da safiyar ranar, ya aiko musu da cewa an fasa.

Wataƙila wani malami zai ce wannan magana ta yi ƙanƙanta a kawo ta gaban masu ilmi. To, ni dai a ganina ba ta yi ba, gama mu ɗin nan masu karatun jarida, akawuna da malaman makaranta da malaman zaure, mu ne galibi masu kiran waɗannan mutane aiki, mu ne kuma masu fasawa. In akwai gyara, daga wurinmu zai fara.

Bari in fara bayyana yadda sana'ar ta ke, don wanda bai lura ba. Tun da a ka yanke Jihar Kebbi daga Jihar Sakkwato a ran 27 ga Agusta, 1991, Birnin Kebbi ta zama hedkwata, gari ya yi ta buɗewa. Ofisoshi su ka yawaita, unguwanni irin su Gesse da Badariya da Bayan Kara su ka cika da sababbin gine-gine, ga manyan makarantu irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da Jami'ar Tarayya, ga ɗakunan taro da masaukan baƙi. Ko wane ɗaya daga cikin waɗannan yana bukatar tsintsiya da tsumma. Gidan da magina su ka gama su ka bar shi da siminti a kan tayil da fenti a jikin gilashi, ba mai shiga sai an kankare. Ɗakin amarya ba a jere sai an wanke. Zauren taro ba a jera kujeru sai an goge. Daga nan ne waɗansu samari da mata masu himma su ka mai da abin sana'a. Mutum ɗaya ya kan zama shugaba, ya sayi bokitai da tsintsiyoyi da buroshi da sabulu, ya riƙe lambobin wayar mutum biyar ko goma waɗanda ya kan kira in aiki ya samu. Ba albashin wata a ke ba su ba, ladan yini ne: ranar da a ka yi aiki a ci, ranar da ba a yi ba a yi haƙuri.

To, ga abin da na ke so jama'a su gane, shi ne kuma gindin maganata duka. Mai sayar da shinkafa in ka ce ka fasa saye, buhunsa yana nan, gobe wani ya saya. Tela in ka fasa karɓar riga, ya rataye ta har ya sami mai so. Amma mai shara ba shi da hajar da za ta kwana. Abin da ya ke sayarwa shi ne yininsa da yinin mutanensa, yini kuwa in ya wuce ya wuce, ba a adana shi a rumbu. Haka kuma ba ya iya yin aikin tun da sauran kwanaki don ya tsere wa fasawa, gama kowa ya san halin ƙasarmu da hunturu: ɗakin da a ka goge ran Talata, kafin Jumma'a ƙura ta mai da shi kamar ba a taɓa ba. Tilas aikinsa ya kasance dab da sha'anin da a ke yi dominsa. Saboda haka shi ne na ƙarshe da a ke kira, shi ne kuma na farko da a ke mantawa da shi in sha'ani ya rushe.

Kuma ranakun da a ke neman su ba su da yawa. Ɗaurin aure galibi Jumma'a da Asabar ne. Bukukuwa su kan taru bayan kaka, da kuma watan Sha'aban kafin azumi. Sharar gidaje ta kan yi yawa ana jibi Salla. Wanda ya karɓi jingarka ta ran Asabar, lalle ya mai da wani mai nema, wataƙila biyu. In ka fasa da daren Jumma'a, waɗancan sun riga sun sami wasu. Ya zama ba tsuntsu ba tarko.

Bari in kawo misali da lissafi, tun da ya ke aikina ke nan. Adadin nan ƙaddarawa ce kawai don a fahimta. Mu ƙaddara wani ya yi jinga da mai shara na Birnin Kebbi a kan naira 60,000, ya je Argungu ya wanke masa gida da farfajiya don saukar baƙi. Mai shara ya kira mutum shida a kan naira 4,000 ko wane, ya zama 24,000. Motar da za ta kai su da kayansu ta dawo da su, tafiyar wajen mil talatin zuwa, a ce 8,000. Sabulu da maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsumma, 7,000. Ruwa daga wurin 'yan ga-ruwa, 3,000. An kashe 42,000 ke nan, saura 18,000, a ciki zai fid da ladan wahalarsa da kuɗin gyaran kayan aiki. To, in sun isa ƙofar gida da hantsi a ka ce musu an ɗaga sha'ani, me ya tsira? Sabulu kaɗai, shi ne zai jira wani aiki. Kuɗin mota ya tafi. Ruwa in an riga an sauke, sai a biya. Mutum shida kuwa suna tsaye suna duban fuskarsa.

A nan ne abin ya kan yi muni, gama hasara kamar ruwa ta ke, gangare ta ke bi. Mai gida ya fasa bai biya kome ba. Shugaban masu shara in ba shi da ƙarfi, ko ba shi da tsoron Allah, sai ya juya ya ce wa mutanensa, ku yi haƙuri, ni ma ba a ba ni ba. Su wane ne mutanen nan? Gwauruwa ce mai 'ya'ya wadda ta bar dakau ko wankau na ranar. Ɗalibi ne mai neman kuɗin takarda. Saurayi ne wanda da bai amsa kira ba, da yana fadama wajen yankan shinkafa ko sussuka, inda a ke biya da yamma ba fashi. Kowa ya san tun da a ka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a nan Birnin Kebbi cikin Nuwamba, 2015, a ka kuma buɗe babban injin casar shinkafa a Argungu a 2017, ƙwadago ya yi daraja a kwarin Rima. Wanda ya bar fadama ya zo maka shara, ya bar kuɗi ne a hannu. Dokar mafi ƙarancin albashi kuwa, wadda a ka kai naira 70,000 a wata a shekarar 2024, ba ta kai gare su ba, don ta keɓe wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba. Ba su da wata garkuwa sai amanar wanda ya kira su.

Wata dattijuwa a unguwarmu, mai jagorancin mata huɗu a wannan sana'a, ta kan kawo mini littafinta ƙarshen wata in daidaita mata lissafi. A cikinsa na ga wani sati da a ka fasa mata aiki sau biyu, Jumma'a da Asabar, ba wanda ya ba ta ko sisin kwabo. Na ce mata, "Inna, me ya hana ki nemi haƙƙinki?" Ta ce, "Ɗan nan, in na yi magana gobe ba su kira na, su kuma gaya wa 'yan'uwansu ni mai fitina ce." Ta ci bashi ta ba matan nan rabin lada don kada su guje ta. Wannan tsoro shi ne ya rufe bakin masu sana'ar duka, shi ya sa na ga ya kamata wani ya yi magana a madadinsu.

Yanzu fa ba na cewa duk wanda ya fasa mugu ne. Fasawa iri uku ce, kuma wajibi ne a rarrabe.

Akwai fasawar da ta zo daga Allah ko daga hukuma, wadda ba mai iko a kanta. Rasuwa ta kan auku a gidan biki ana gobe ɗaurin aure. A damina ta 2020 ambaliya ta cinye gonakin shinkafa ta yanke hanyoyi da gadoji a wannan jiha, wanda ya yi alkawari a hayin gulbi ba shi da yadda zai yi. A cikin shekarar nan kuma, da annobar korona ta shigo, hukuma ta hana taruwa. Kowa kuma ya tuna da daren 16 ga Fabrairu, 2019, sa'ad da a ka ɗage zaɓen ƙasa baki ɗaya saura sa'o'i kaɗan a fara, a ka mai da shi 23 ga wata, wanda ya sa bukukuwa da tarurruka da yawa su ka ci karo da sabuwar ranar. Ko bikin kamun kifi na Argungu, wanda asalinsa ya koma ga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, wanda kuma hukumar UNESCO ta sa cikin al'adun duniya a 2016, ai an yi shekaru wajen goma ba a yi shi ba kafin a sake yinsa a Matan Fada cikin Maris, 2020. Duk mai sharar da ya dogara ga cikar masaukai a lokacin bikin ya ɗanɗana wannan. In babban sha'ani irin wannan yana tsayawa, balle walimar wani.

Akwai kuma fasawar sakaci. Mai gida ya san tun ran Litinin cewa mai fenti bai gama ba, ko kuɗin da ya ke jira bai fito ba, ko shugaban ofis ya ɗaga taro, amma bai tuna da mai shara ba sai da ya gan shi a ƙofa da bokiti. Wannan ita ce ta fi yawa, mu akawuna kuma mun fi kowa sanin yadda ta ke aukuwa: takardar ɗaga taro ta kan zaga ko wane tebur, a sanar da mai abinci da mai lasifika, a manta da mai tsintsiya.

Ta uku ita ce fasawar wayo. Mutum ya yi jinga da kai, sa'an nan ya sami wanda zai yi masa da rangwamen naira dubu biyu, ko ya tara yaran gida su yi kyauta, ya kashe wayarsa. Wani ma ya kan yi jinga da mutum biyu tun farko, wanda ya riga zuwa shi ke da aiki. Wannan ba ta da wani suna sai cin amana.

Me shari'a ta ce? Malamanmu masu karanta Risala da Muhtasar sun fi ni sanin babin ijara, amma abin da ke sananne ne zan ambata. Ijara, watau ɗaukar mutum aiki da lada sananne, ƙulli ne mai lizimtar ɓangarori biyu da zarar an ƙulla, ba mai warware shi shi kaɗai don ya ga dama. Malaman fiƙihu kuma sun bayyana cewa wanda a ka ɗauka don wani lokaci ayyananne ya cancanci ladansa in ya kawo kansa a lokacin, ko da mai aiki bai sa shi aikin ba. Har ila yau zance mafi shahara a mazhabar Malikiyya shi ne, alkawarin da ya sa wani ya shiga ɗawainiya saboda shi, ya zama tilas a cika. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait cikin Disamba, 1988, ta bi wannan hanya, ta ce mai irin wannan alkawari ko dai ya cika, ko ya biya ainihin cutar da ya jawo in ba shi da uzuri.

Sai dai akwai wurin da ya ke bukatar hankali, shi ne maganar kafin alƙalami. A mazhabarmu, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa ta Imamu Malik, an hana irin cinikin nan da mutum zai ba da wani abu a kan in ya fasa, abin ya zama na mai karɓa haka kawai ba a bakin kome ba. Hambaliyya sun halatta shi, Majalisar Fiƙihu ɗin nan ma a zamanta na Burunai cikin Yuni, 1993, ta halatta in an yanke lokacin jira. Amma tun da mu nan Malikawa ne galibi, ni a ganina hanyar da ba ta da gardama ita ce wannan: kuɗin da a ka bayar tun farko ya zama ajiya a hannun mai shara. In an yi aiki a lissafa shi cikin lada. In an fasa, a cire ainihin abin da a ka yi hasara, a mayar da saura. Da haka ba wanda ya ci dukiyar wani a banza.

Abin mamaki, dokar Turawa da mu ka gada ita ma kusan nan ta tsaya. A wata shari'a da a ka yanke a Ingila a 1914, tsakanin kamfanin taya na Dunlop da wani garejin motoci, alƙalai su ka rarrabe tsakanin kuɗin da a ka ƙiyasta da gaskiya don rufe hasara, da tarar da a ka ɗora don tsoratarwa kawai. Na farko kotu ta kan tabbatar, na biyu ba ta tilasta shi. Kuma dokar ta ɗora wa wanda a ka saɓa wa alkawari ya yi ƙoƙarin rage hasararsa, kada ya naɗe hannu ya ce a biya shi duka. Ashe dai ko ta wace hanya a ka bi, gida ɗaya a ke isa: a biya abin da ya salwanta, kada a mai da fasawar wani hanyar arziki.

Saboda haka ga shawarata ga masu wannan sana'a, na jera ta bi da bi don mai karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Na fari, kada a yi jinga da fatar baki kaɗai. A rubuta, ko a ƙaramar takarda ko a saƙon waya: wane gida, wace rana, ƙarfe nawa, ɗaki nawa, nawa ne lada, wa zai kawo ruwa. Da boko ko da ajami, duk ɗaya ne, muddin kowa ya riƙe nasa. Magana zarar bunu ce, amma rubutu yana nan.

Na biyu, a karɓi sulusin lada tun ranar jinga, a ba da rasiti, a faɗa a fili cewa ajiya ce. Wanda ya ƙi ba da sulusi alhali yana da hali, ya riga ya gaya maka yadda ya ɗauki alkawarin, sai ka san inda za ka sa shi a lissafinka.

Na uku, a yanke matakan fasawa tun farko. Wanda ya sanar saura kwana uku ko fiye, a mayar masa da kuɗinsa cif, gama akwai damar neman wani aiki. Wanda ya sanar ana gobe, a cire rabin ladan ma'aikata da abin da a ka riga a ka ba mai mota, a mayar da saura. A misalinmu na ɗazu, sulusi 20,000 ne; a cire 12,000 na ma'aikata da, a ce, 2,000 na mai mota, a mayar masa da 6,000. Wanda kuwa ya bari sai da a ka iso ƙofarsa, ya biya ladan ma'aikata cikakke da mota da ruwa, watau 35,000, ya cika 15,000 a kan abin da ya bayar. A lura, ko a nan ban sa ribar shugaba a ciki ba. Ya yi hasarar ribarsa, amma bai ci bashi ba, mutanensa kuma ba su kwana da yunwa ba.

Na huɗu, in uzurin rasuwa ne, ko ciwo mai tsanani, ko ambaliya, ko umurnin hukuma, kada a yi maganar diyya a ƙofar gidan makoki. A ɗaga aikin zuwa wata rana, ajiya ta bi shi can. In sha'anin ya rushe ɗungum, a raba abin da a ka riga a ka kashe gida biyu bayan an share makoki. Sana'a ba ta hana mutunci.

Na biyar, mai shara ya kira mai gida ana jibi aiki, ya sake kira ana gobe da la'asar, kafin ya tabbatar wa mutanensa, kafin kuma ya yi magana da mai mota. Tun da a ka janye tallafin man fetur a ran 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota da na kabu-kabu ya zama babban kaso a cikin ko wace jinga, tafiyar banza zuwa Argungu ko Jega ko Kalgo ba abin wasa ba ce. Kuɗin kira biyu bai kai kuɗin tafiya ɗaya ba. Rigakafi ya fi magani.

Na shida, a riƙe ɗan jerin ayyukan da ba su da ranar tilas, kamar wankin tankin ruwa, da yashe kwata, da sharar shago ko makarantar da ke hutu, a yi yarjejeniya da masu su cewa za a zo duk ranar da a ka sami sarari, da ɗan rangwame. Ranar da a ka fasa babban aiki sai a juya can. In an sami haka, adalci ne a rage abin da za a cire wa wanda ya fasa, tun da hasarar ta ragu.

Na bakwai, a riƙa ware wani abu kaɗan daga ko wace jinga, ko da ɗaya bisa goma na riba, a ajiye don irin wannan rana, domin a iya sallamar ma'aikata nan take ba sai an jira mai gida ba. Masu sana'ar kuma su san juna. In wani ya sami aiki biyu rana ɗaya, ya miƙa ɗaya ga wanda a ka fasa wa. In su ka haɗa baki a kan ƙa'ida guda, ba mai gidan da zai ce wane mai fitina ne, gama duk inda ya juya ita zai tarar. Tsintsiya ai da maɗaurinta ta ke shara.

Amma fa kada masu shara su ɗauka na zama lauyansu ido rufe. Wanzami ba ya son jarfa, to, ga tasu. Akwai a cikinsu masu karɓar jinga uku rana ɗaya, su je wa mai tsoka, su bar uwar amarya tana leƙen hanya har azahar, baƙi na tafe ɗaki ba shara. Akwai mai cewa zai zo da mutum shida ya zo da uku. Duk ƙa'idar da na faɗa, kaifi biyu gare ta. Mai sharar da ya fasa ana gobe, ya mayar da ajiya duka, ya kuma nemo wanda zai tsaya a madadinsa a kan ladan da a ka yi. In na biyun ya fi tsada, shi zai cika. Kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski. Wanda ba ya cika nasa alkawari ba shi da bakin neman diyya.

Wani zai ce, wannan rubuce-rubuce da karɓar kuɗi tun ba a yi aiki ba, ai rashin yarda ne, ba halinmu ba ne. Na ji, amma a duba. Wa ya taɓa kai wa tela ɗinkin Salla bai ba shi wani abu ba? Wa ya taɓa kama ɗakin taro ko ya ɗauki rumfa da kujeru bai fara biya ba? Mai ɗaukar hoto da mai dafa abinci duk ana ba su tun da wuri, ba wanda ya kira shi rashin yarda. Me ya sa sai a kan mai tsintsiya ne abin ya zama baƙon hali? Amsar a fili ta ke: don an raina sana'arsa ne, alhali kullum muna cewa tsabta cikon addini ce. Ba ya yiwuwa mu girmama tsabta mu wulaƙanta mai yin ta. Rubutu kuwa ba ya kore yarda, tsare ta ya ke yi, gama yawancin zumuncin da ya lalace a kan kuɗi, a kan abin da ba a fayyace ba ne tun farko.

Daga ƙarshe ina da roƙo uku. Ga 'yan'uwana akawuna: duk wanda a ka ba shi shirya taro, ya rubuta sunan mai shara a cikin jerin waɗanda za a sanar in an ɗaga, ya kuma sa kuɗin ajiyarsa a cikin ƙiyasin da zai kai wa shugaba. Ga malaman makaranta: in wata mai wannan sana'a ta zo neman a rubuta mata takardar jinga, a rubuta mata, layi biyar ne kawai, a kuma koya wa yara manya yadda a ke rubuta irinta. Ga malamanmu masu wa'azi da masu unguwanni waɗanda a kan kai wa ƙara: in irin wannan magana ta zo gabanku, kada a tsaya a kan cewa talaka ya yi haƙuri kawai. A tambayi mai gida yaushe ya san za a fasa, yaushe kuma ya faɗa. Tsakanin waɗannan lokatai biyu, a nan haƙƙi ya ke.

Ina kuma so in ji daga masu karatu na Sakkwato da Gusau da Kano, ko akwai wata ƙa'ida da masu wannan sana'a su ke bi a wurinsu wadda ta fi wannan sauƙi, su rubuto wa Edita mu ƙaru. Alkawari kaya ne, Allah ya ba mu ikon saukewa, ya kuma tsare mu daga cin gumin wani. Amin.

Haza wasalam.

Ni ne naka kullum,
Akawun Bakin Gulbi,
Birnin Kebbi.